Jar Kanwa a Ruwan Kifin Alhaji Lamidi

Funtua, 11 ga Maris, 1984

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa da ladabi kamar ina durƙushe gabanki. Ina fata takardar nan ta iske ki lafiya, ke da Baffa da Asma'u da duk mutanen Ƙarfi. Ya gwiwar taki, ta yi sauƙi? In don ni ne lafiyata lau, sai kewa. Malam Lawal, kai da za ka karanta mata, ina gaishe ka, kuma ka yi haƙuri da rubutun, kai ka san inda muka tsaya a ajin yaƙi da jahilci.

Inna, na samu wurin zama. Gidan wani Bayarabe ne, Alhaji Lamidi, mai sayar da kayan keke a kasuwa. Nan Funtua aka yaye shi, Hausarsa ma ta fi tawa. Aikina jan ruwa da shara da kama hannunsa zuwa masallaci, don idonsa ya yi yana, ba ya ganin komai sai haske-haske. Akwai matarsa Mama Sikiru, sai wata tsohuwa Hajo mai yi masu girki. Ita Hajo tun ranar da na zo ba ta kira sunana ba, sai Ɗan Fillo. Bakinta akwai kaifi amma tuwonta akwai auki.

Abin da nake so in gaya maki ba za ki yarda ba. A ɗakin baƙi na Alhaji akwai wani akwati na gilashi, girmansa ya kai komin shayar da maruƙa, cike da ruwa, da kifi bakwai a ciki masu rai. Har da ɗan inji mai hura masu iska. Kifin faffaɗa ne kamar tafin hannu, fari da ratsin baƙi, yana tafiya a tsaye. Na tambayi Hajo yaushe za su isa ci. Ta yi dariya har ta saki muciya, ta ce in sake faɗa gaban Alhaji in ina son komawa ƙauye a ƙasa. Wai kallonsu kawai ake yi. Ashe ɗan Alhaji ne, Sikiru, ya kawo manyan biyu daga Ikko a jirgin ƙasa, shekara biyar ke nan, ya riƙo su cikin leda bisa cinyarsa har Funtua. Bayan nan da wata huɗu Allah ya karɓi ransa a hatsarin mota. Ƙananan biyar a nan aka haife su. Ni dai na sa masu suna a raina, babbar Guzuma, mijinta Bijimi, sauran maruƙa.

Ruwan nasu ba shi da kyan gani, ja-ja ne kamar shayi, da busasshen ganye kwance a ƙasa da wani baƙin kututture. Ba ruwan rijiya ake ba su ba, sai na sama da aka tara tun damina cikin duro a bayan ɗaki. Kowace Juma'a Alhaji yakan sa in ɗebo kaɗan daga ruwan akwatin a ɗan kofi, in ɗiga wani magani na kwalba sau uku, in faɗa mashi launin da ya fito. In na ce kore, sai ya ce alhamdu lillahi. In na ce ya ɗan yi shuɗi, sai ya ce fiyec ya hau. Kwana uku ina zaton Fiyec ɗin nan wani mutum ne mai hawa katanga. Daga baya na gane wani abu ne cikin ruwan da ba a gani. Har yanzu ban san ko mene ne ba, kuma ina jin nauyin tambaya.

To ga maganar. Ranar Lahadi mai zuwa za a kai Alhaji Kano a yi mashi aikin ido, Mama Sikiru za ta bi shi, za su fi wata guda. Jiya ya kira ni ya kama hannuna ya ɗora bisa gilashin. Ya ce shekara uku bai ga kifin nan ba, motsinsu kawai yake ji, kuma in an buɗe mashi ido su yake so ya dawo ya gani. Ya ce amana ce. Abinci ɗan tsunkule safe da yamma, ran Juma'a in kwashe bokiti biyu in mayar da na duro, sauran kada in taɓa komai.

Malam Lawal, wannan wurin ka karanta a hankali in Baffa ba ya kusa. Inna, kin san abin da ke raina tun bara da cutar bushiya ta shiga garken shanunmu a hannuna, da abin da Baffa ya faɗa ranar da ta ƙarshe ta faɗi, cewa abin da aka ba ni kiwo ba ya kai labari. Na san zafin rai ne. Amma da Alhaji ya ce amana sai maganar nan ta dawo mani sabuwa. Ki sa ni a addu'a, bakwai aka ba ni, bakwai nake so in mayar.

Ki gaishe da kowa da kowa.

Ni ne ɗanki,
Manu

Funtua, 1 ga Afrilu, 1984

Innata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya zafi? Na ji saƙonki ta bakin direba, da ƙullin dakkuwa, na gode Allah ya bar mana ke. Hajo ta cinye rabi, wai tana duba ko akwai tsakuwa.

Su Alhaji sun tafi mako biyu ke nan. An aiko cewa an yi aikin ido ɗaya, yana kwance, an hana shi ko tari mai ƙarfi.

Wata 'yar matsala ta taso amma na gyara. Juma'ar farko da na je ɗibar ruwa a duro sai na iske saura ɗan kaɗan a gindi. Ashe ya huje ta ƙasa yana yoyo tuntuni. Alhaji da ba ya gani yana zaton rabi ne. Na tsaya na yi tunani, na ce ruwa ai ruwa ne, rijiyar gidan nan mu ma ita muke sha, har liman ya sha ya yaba sanyinta.

Da na tashi zubawa sai wani tunani ya zo mani. Mutum zai yi shekara uku cikin duhu, a buɗe mashi ido, ya zo ya iske ruwa kamar na kududdufi da ruɓaɓɓen ganye? Na ce a'a. Kin san ke kika koya mani, ba a tarbar mai gida da ƙazanta. Na san ya ce kada in taɓa, amma na ga don ba ya gani ne bai san yadda wurin ya lalace ba. Na kwashe kifin a baho, na tsince ganyen nan tas, na fid da kututturen na jefa bayan madafa, na wanke tsakuwar, na cika akwatin da ruwan rijiya. Inna, da kin gani. Garau, kana hango bango ta ciki. Ratsin jikinsu ya fito kamar sabon saƙi. Na kira Hajo ta gani, ta ce ita dai ba ruwanta, ita da aka ce kada ta taɓa ba ta taɓa ba. Da na ɗiga maganin kwalba shuɗi ya fito, amma shuɗi mai kyau, kuma ba wanda zan faɗa wa.

Sai dai kwana huɗu ke nan ba su cin abinci sosai. Sun tsuke fikafikansu sun koma lungu, Bijimi yana goga jikinsa da tsakuwa. Hajo ta ce kewar mai su suke yi. Ni kuwa da na tsaya na dube su da kyau sai na gane. Haka shanunmu suke yi in sun daɗe ba su sha kanwa ba, su ƙi kiwo, gashi ya tashi, su yi ta lasar ƙasa. Tunda na zo gidan nan ban taɓa ganin an ba kifin nan kanwa ba ko sau ɗaya. Mutanen birni sun san boko amma ba su san dabba ba. Gobe kasuwa, zan samo jar kanwa mai kyau irin wadda Baffa ke saye. Kafin Alhaji ya dawo za ki ji labarin sun yi ɓul-ɓul.

A gaida Baffa, a ce wa Asma'u ina nan da alkawarin ɗankwalinta.

Ɗanki,
Manu

Funtua, 6 ga Afrilu, 1984

Inna,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni jikina lafiya.

Sau uku ina fara takardar nan ina yagewa. Inna, uku sun mutu, kuma ni na kashe su.

Ran Litinin bayan la'asar na sa kanwar, ba ta fi kan babban yatsana ba. Na yi bisimilla na sa ta a lungun da suke taruwa don su lasa. Na je na share tsakar gida na dawo, sai na iske suna ta zabura suna bugun gilashi, can kuma duk suka taso sama suna buɗe baki. Na ce ƙarfin magani ne, shanu ma sukan yi tsalle in sun sha. Na bar ta. Wannan barin da na yi shi ya fi ci mani rai, don da na cire a lokacin wataƙila da ba haka ba.

Da safe maruƙa biyu suna bisa ruwa, ciki sama. Bijimi yana kwance ta gefe ɗaya yana numfashi. Na ɗiga maganin kwalba. Shuɗin da ya fito ban taɓa ganin irinsa ba, kamar zanen da aka tsoma a marina sau bakwai.

Hajo ta shigo da tsintsiya ta same ni tsugune. Ta dubi akwatin, ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, ta tofar. Ta ce, “Ɗan Fillo, wake za ka dafa?” Na gaya mata abin da na yi da dalilina. Na zaci za ta yi mani dariya har unguwa ta ji. Ba ta yi ba. Ta zauna bakin kujerar Alhaji, wadda ba mai zama, ta ce ita ta goyi Sikiru, kuma ranar da ya kawo kifin nan ita ta riƙe mashi ledar yana zuba ruwa. Daga nan ta tashi ta ɗauko mani bokiti.

Na tsamo guntun kanwar da ya rage, na kwashe rabin ruwan na mayar da na rijiya, da yamma na sake. Bijimi ya kai Laraba da hantsi, shi ma ya mutu. Hajo ta ce kada kyanwa ta gani, na rufe shi da 'ya'yansa a gindin gwaiba.

Yanzu saura huɗu. Maruƙa uku suna motsi kaɗan-kaɗan. Guzuma tana tsaye a lungu ta juya wa ɗaki baya, launinta ya dushe, ba ta ko kallon abinci.

Ba zan ɓoye maki ba, ran Laraba na ƙulle kayana na kai har tasha. Motar Malumfashi tana lodi, saura mutum biyu. Na tsaya ina kallonta har ta cika ta tashi. Abin da ya riƙe ni, na tuna lokacin abincin yamma ya yi, kuma Hajo ba ta san yawan tsunkulen ba.

Ban san me ke cikin ruwan nan ba, Inna. Na bushiya an ce annoba ce daga Allah, ta ci na kowa. Wannan kuwa da kuɗina na sayo, da hannuna na sa. Malam Lawal, in Baffa ya tambayi abin da na rubuto, ka ce ina gaishe shi. Ba ƙarya ka yi ba, ina gaishe shi.

Manu

Funtua, 17 ga Afrilu, 1984

Zuwa ga Innata,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan zafin nan bai takura maki ba. Na ji abin da kika aiko, cewa wanda ya zubar da nono ba ya gudu ya bar ƙwarya. Ina nan, ban gudu ba.

Inna, na gano fiyec. Ni da Hajo muka gano shi a madafa. Tana haɗa miyar yakuwa ina hura mata wuta, sai na ga ta jefa 'yar kanwa, miyar ta yi kumfa. Na ce don me. Ta ce ashe har wannan ban sani ba, ai kanwa ke kashe tsami. Na ce to in kanwa ce ta yi yawa fa, me ke kashe ta? Ta tsaya da ludayi a hannu tana kallona. Ta ce ai sai tsami.

Na ɗauko kofi biyu na zuba ruwan rijiya. Na farko na ɗiga magani, shuɗi. Na biyu na sa ɗan ruwan tsamiya tukuna, na ɗiga, nan take ya koma rawaya kamar garin ɗorawa. Ashe abin da kwalbar ke faɗa ke nan. Shuɗi kanwa ta rinjaya, rawaya tsami ya rinjaya, kore sun yi sulhu. Kuma rijiyarmu da kanta akwai kanwa a jikinta, ko ba a sa ba. Hajo ta ce ita ta daɗe da sani, shi ya sa sabulu ba ya kumfa da ita, ba ta dai san kifi ya damu da wanki ba. Wato tun kafin in sa jar kanwa, kanwa ce ke damunsu, ni kuma na ƙara masu.

Hajo ta ce shi ke nan, a jiƙa tsamiya ƙwarya guda a juye. Har ta jiƙa. Ni na ce a dakata. Na tuna farkon damina, yadda Baffa ba ya sakin shanu su ƙoshi da sabuwar ciyawa rana ɗaya, ko da yunwa ta ci su, don cikin da ya saba da harawa in ya samu ɗanye da yawa kumburi yake. Mun yi musu, ta ce yau ga mai kanwa yana koya wa mutane hankali. Na ce a gwada a bokiti tukuna, ba kifi. Kwana biyu bokitin ya yi yauƙi yana warin tsohon kunu. Ta leƙa ta toshe hanci, ba ta ce na yi gaskiya ba, amma ta ƙara mani nama a miya.

Daga nan na zauna na yi ta tunanin abin da ke cikin akwatin lokacin da yake kore. Ruwan sama, ganye, kututture. Duk abin da na kira ƙazanta. Na ruga bayan madafa, babu kututture. Ashe Hajo ta sa shi a murhu kwana ɗaya kafin nan, Allah ya taimaka jiƙaƙƙe ne ya ƙi ci, gefe ɗaya kawai ya ƙone. Zan mayar da shi haka nan ta ƙwace, ta ce toka ai ƙanwar kanwa ce, da ita suke kaɗa miya in babu. Na sare wurin ƙunar da gatari, na kankare, na dafa shi a tukunya na bar shi ya huce.

Ganyen kuwa na samu guda ɗaya maƙale a magudana. Na juya shi na shinshina. Inna, ganyen itacen baushe ne, irin wanda ke bayan tsohon masaukinmu, da muke takawa ba mu ko dubawa. Na ɗauki keken Alhaji na bi hanyar Bakori har na samu inda suke. Na tsinto waɗanda suka bushe suka faɗo da kansu, don irinsu na gani a akwatin, na wanke, na jiƙa kaɗan a kofi ya kwana biyu. Da na ɗiga magani shuɗin ya ragu. Ba kamar tsamiya ba, shi a hankali yake aikinsa.

Saura ruwa, tunda sama ba ta da niyya. Nan ma Hajo ce. Ta ce akwai wani idon ruwa a gindin dutse bayan gari inda mata ke kai wankin biki, sabulu kaɗan kumfa har gwiwar hannu, ta ce in ruwan sama na da ɗan'uwa a ƙasa to shi ne. Na je na ɗebo na gwada, kore. Yanzu kullum da sassafe nakan je da jarka biyu. Ba na juyewa gaba ɗaya. Kwano biyu nake fiddawa in mayar da biyu, safe da yamma, sai ganye ɗaya bayan kwana biyu. Na daina gaggawa.

Launin yana sauka. Daga na marina ya dawo shuɗi mai haske, jiya kuma ya fara yin kamar ganyen albasa. Maruƙan uku sun buɗe fikafikai, tun ran Asabar suke cin abinci har da ture juna. Guzuma ce dai. Ta bar lungu, takan zo tsakiya ta tsaya ƙarƙashin kututture, amma kwana goma sha biyar ke nan ba ta sa komai a baki ba. Cikinta ya shafe. Nakan zauna kusa da ita in riƙa yi mata 'yar ƙyacciyar nan da nake wa shanu in za mu gangara rafi. Ban san ko kifi na da kunne ba.

Ruwan ya koma ja kamar shayi, yadda na same shi. Maganin kwalbar ya kusa ƙarewa. An aiko cewa Alhaji zai dawo ran Laraba ta sama. Hajo ta ce in bari ita ta fara yi mashi magana, ta ce mashi zafi ne ya kashe su, ai ana zafi. Na ce a'a. Ki yi mani addu'a Guzuma ta kai Laraba, kuma bakina ya iya faɗa.

Gaisuwa ga Baffa da Asma'u.

Naki,
Manu

Funtua, 27 ga Afrilu, 1984

Innata,

Ina gaishe ki gaisuwar ɗa ga uwa. Ya gida, ya gwiwa, ya jiran ruwa? Nan hadari yakan haɗo ta gabas ya watse.

Alhaji ya dawo shekaranjiya da azahar. Ya rame, yana sanye da wani tabarau mai kauri, ido ɗaya aka yi, ɗayan sai baɗi. Ya sauko daga mota da kansa. Na miƙa hannu in kama shi yadda na saba, ya ce in bari. Ya tsaya yana kallona sama da ƙasa, ya ce ashe haka nake, shi da muryata yake zaton wani ƙato ne.

Maƙwabta sun cika zaure ana barka. Shi kuwa ina ganin hankalinsa na ɗakin baƙi. Da ya nufi can na riga shi, na durƙusa a bakin ƙofa na tare hanya. Na faɗa mashi duka, tun daga duro har wanki har kanwa, da waɗanda suka mutu da inda na rufe su. Ban ɗaga kai ba. Da na zo kan kanwa ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya ce don me. Na ce haka muke wa shanu in sun ƙi kiwo. Na ji Mama Sikiru ta ja numfashi ta koma ciki. Hajo tana tsaye da tire, ta fara cewa ai yaron ya yi ƙoƙari daga baya, Alhaji ya ɗaga mata hannu ta yi shiru.

Ya raɓa ni ya shiga. Ya ja kujerarsa har gaban gilashin ya zauna. Ni ina nan bakin ƙofa. Inna, ban san tsawon lokacin ba, amma inuwar gwaiba ta tashi daga bakin rijiya ta kai bango yana nan yana kallon kifin. Sau ɗaya na ga ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na gama sallamawa cewa kora ce, har ina tunanin abin da zan ce wa Baffa.

Can ya kira ni, da sunana. Ya tambayi ina na samu ganyen, na faɗa. Ruwan fa, na faɗa. Ya ce wa ya koya mani. Na ce miyar yakuwar Hajo. Ya yi wani ɗan sauti a hanci, ya dafe gefen idonsa don an hana shi dariya. Sannan ya ce Sikiru ne ya san dalilin ganyen nan, shi bin abin da ya ga yaron na yi kawai yake, bai taɓa tambaya ba, shi ya sa bai iya gaya mani ba. Ya ce amma da na ji magana da mijin Guzuma na nan. Na ce haka ne. Ya ce ba zai ce bai ji zafi ba. Na ce haka ne.

Ya tambayi kwana nawa rabon Guzuma da abinci. Na ce ashirin da uku. Ya buɗe gwangwanin ya tsunkula ya barbaɗa. Maruƙan suka taso suka cinye. Guzuma tana ƙarƙashin kututture, ko motsi. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce yadda ya saba, ta ƙara shigewa ciki. Ya ce ba ta san fuskarsa da tabarau ba, ko kuma ta gama nata ne. Ya miƙo mani gwangwanin ba tare da ya dube ni ba.

Na tsuguna ta gefen da na saba zama. Kunya ta kama ni in yi ƙyacci gaban Alhaji, amma na yi, a hankali. Ta juyo. Ta fito daga ƙarƙashin kututturen ta taho har gabana ta tsaya, wannan ta saba yi kwana uku ke nan, iyakarta ke nan. Na saki ƙwaya uku. Biyu suka wuce ta gabanta suka nutse. Ta ukun tana saukowa ta matsa ta kama, ta furzar, ta sake kamawa. Muka zuba ido muna jira ta furzar. Ba ta furzar ba.

Alhaji ya matso da kujera har tabaransa na taɓa gilashi. Ya ce, “Ƙara mata, Manu. Kaɗan. Ina gani.”

Ta ci biyar a ranar. Jiya ta ci safe da yamma, yau da safe har ta kori ɗaya daga maruƙan.

Alhaji ya ce kiwon ya zauna a hannuna, shi nasa kallo. Ya sa an liƙe duro, muna jiran ruwan fari. Hajo ta daina ce mani Ɗan Fillo, yanzu Sarkin Kanwa take cewa, har yaran unguwa sun ɗauka, ina jin wannan sunan ya bi ni ke nan.

Malam Lawal, wannan takardar ba sai ka rage murya ba. Ka karanta ta ko Baffa na zaune, har da wurin kanwar, kada ka tsallake. Bakwai aka ba ni, huɗu na mayar, ya ji daga bakina.

Ki huta lafiya, Inna. Allah ya bar mu tare.

Ni ne ɗanki,
Manu